Buji na Biyu a Hanyar Mai Yara

…kuma hannun bai shiga ba. Bai shiga ba, Abarci abokina. Na juya shi ta sama, na juya shi ta ƙasa, na kwanta da haƙarƙari cikin rairayi kamar akuyar da za a yanka — ƙarfen kwandon nan yana nan tsaye tsakanina da bujin, filogin da ke ba inji wuta. Ina ganin shi. Ga farin kanshi can cikin lungu, kamar haƙorin da ya rage a bakin tsohuwa. Ganin ne kawai. Yatsa ya taɓa, ya zame.

Wa ya ƙera babur haka, moton nan? Inji mai kai biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Na hagu yana waje yana shan iska, yaro ma ya cire mishi buji. Na gama da shi tun ɗazu, sabo fil na sa mishi. Na dama kuwa an manne mishi kwando a gefe, kujerar da likita ke zama in za mu ƙauye, an gitta ƙarfe daidai bakin bujin. Nasaran da ya ƙera shi bai taɓa tsayawa a hanyar Mai Yara da rana tsaka ba. Ko kuma yana da hannu irin naka, siriri, kamar na mai kitso.

Kwandon ba kowa yau. Akwatin magani, salkar ruwa, tsumma. Shi ke nan fasinjojina.

Likita ya so ya zo. Ya leƙa rumfar gidan likita, mutane kwance har bakin zana, ya dube ni. «Cindo, ba ni iya barin su. Ga ƙwaya. In yaro bai iya haɗiya, a daka, a dama da ruwa, a ɗura da cokali. Yi maza.» Yi maza… Ga mazan. Ga ni kwance ƙarƙashin moto, tsakanin Dakoro da Mai Yara, ba gaba ba baya. Ya fara da tari, ya koma tafiya da kai ɗaya, na lallaɓa shi, na roƙe shi, ya hau wannan tudun ya yi shiru.

Zafi — wayyo! Bayan hannuna ya taɓa jikin injin. Fatar ta yi fari nan take. Jira, Cindo. Bari ya huce. Ka sani sarai ba a kwance buji injin na wuta, haƙoran ramin su taho tare da shi, daga nan kuma sai a nemi raƙumi. Jira. Da me ake jira? Salka na nan, in zuba mishi ruwa… a'a. Ya tsage. Na gani da idona a Andoshin, ƙasar da aka kai mu yaƙi, wani ɗan Dahome ya zuba, ƙarfe ya yi ƙara kamar an harba bindiga, sarjan ya bi shi da bulala.

Jira kawai.

Da hantsi Intalla ya shigo, Buzun nan mai raƙumi da ke kai saƙo tsakanin garuruwa. Bai ko durƙusar da raƙumin ba. Sanƙarau ya faɗa Mai Yara, in ji shi, an kafa bukkokin zana bayan gari ana kai marasa lafiya. Yana lissafa gidaje, likita na gyaɗa kai, ni ina goge fitilar moto, ba ruwana. Sai ya juyo. «Kai ne Cindo? Nagoggo ya ce a gaya ma uban yarinya. Zara ce. Wuyan ya sandare.»

Uban yarinya.

Ka ji, Abarci? Nagoggo ne ya faɗa. Mutumin da yanzu ke auren ƙanwarka Aisata, matata ta da, mutumin da ɗiyata ke kira baba. Shi ya ce uban yarinya. Tun da na dawo ba wanda ya kira ni haka, sai yau, sai da wuyanta ya… Tsumman ya faɗi daga hannuna, ban san ya faɗi ba.

Kurciya na kuka can cikin aduwa. Ita kaɗai. Ba makiyayi, ba jaki, ba ko sawun mutum. Bazara ta kwashe kowa zuwa rijiyoyi. Tumfafiya, sabara, ƙarangiya duk ta cika mini wando. Sama fari fat. In na yi ihu nan wa zai ji?

In taɓa in ji. Da sauƙi. Ba sanyi ba, amma fata na iya jimrewa.

Kile. Ina kilen buji? Ga shi. Bututun ƙarfe ne, sai an zura shi kan bujin sannan a sa sanda cikin hujin a murɗa. Sandar ta ɓace tun zamanin wanda ya riƙe moton kafin ni, doguwar ƙusar gini nake sawa. To — bututun ya fi lungun tsawo. Kullum haka. Sai an karkata shi, a shigar da baki, a ɗaga gindi, a tura da ɗan yatsa… kai kana yi kana waƙa. Ina tuna ka cikin ruwan saman can da ba ya ɗaukewa, tsugune gefen moton kaftin, taɓo har gwiwa, kana cewa, «Cindo, matsa, hannunka na noma ne. Kai riƙe fitila.» Ni riƙe fitila. Ni taka sandar tayarwa. Ni tura in ya kafe. Tare aka ɗauke mu soja daga kasuwar Dakoro, tare aka koya mana inji, amma kai ya shiga jini. Ni ƙarfi kawai.

Da wannan yatsan na shida. Shi ne ke kama ƙarfen, ɗan guntun da ke gefen ƙaramin yatsa. Inna ta hana a ɗaure shi da zare ina jariri, ta ce abin da Allah ya ƙara ba ta ragewa. Ga shi nan, Inna. Ya goge, yana jini. Ƙarin da Allah ya yi mini ya hana ni isa ga ɗiyata.

Astagfirullah. Ba haka nake nufi ba.

Ya shiga! Bututun ya zauna. Kar ka motsa. Ƙusa… a hankali… ba wurin juyawa, ɗan kaɗan take tafiya ta bugi ƙarfe. Cire, sa a ɗayan hujin, ɗan kaɗan, ta bugi ƙarfe. Bai motsa ba. Ya kafe, tsatsa da zafi sun haɗe shi. Tura. Tura da tafin hannu. Ƙusa na lanƙwashewa —

Ta bayan zana Aisata ta yi mini magana. Ban ga fuskarta ba ranar. Na sauko daga kamyo, babbar motar kaya, da akwatin ƙarfe da takalman soja, na nufi gidanmu, yara na gudu suna cewa fatalwa. Wani da ya riga ni dawowa ya rantse ya ga gawata tare da taka. Bai yi ƙarya da gangan ba, ranar da aka kama mu gawa ta yi yawa, kowa baƙi ne cikin taɓo. An yi mini addu'a, an raba gumbar sadaka. Aisata ta yi takaba, ta jira har ta wuce abin da ake jira. Sannan Nagoggo. Na bi ta har Mai Yara, na tsaya ƙofar gida na yi sallama, na ji turmi ya tsaya. Da goyon Nagoggo a bayanta, ina jin numfashin jaririn ta cikin zana.

«Sannu da zuwa…» Ta tsaya. Tana neman abin da za ta kira ni. Da can ba ta faɗin sunana, maigida take cewa. Yanzu maigidan wani ne. «Sannu da zuwa, abokin Yaya.»

Abokinka, Abarci. Nan ta ajiye ni, nan nake har yau.

«Shi fa? Yaya?» ta ce.

«Shi da gaske ne,» na ce.

Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Zanar ce kawai na ga tana rawa.

Ƙas! Ya motsa. Ya motsa, wallahi. Kaɗan, kaɗan… cire, sa, juya. Cire, sa, juya. Gumi na shiga ido, ba hannun sharewa. Yanzu da yatsu. Yana zuwa. Kar ya faɗi cikin lungu. Ga shi.

Dubi. Baƙi ƙirin, jiƙe da mai, bakin ya toshe kamar tukunyar taba. Wannan ɗan abin. Bai kai babban yatsana ba, shi ya tsayar da ni, da ƙwaya, da Mai Yara duka. Tsumma — toshe ramin tukuna, in rairayi ya shiga ciki an gama. Iska na tasowa kaɗan-kaɗan, mai zafi, kamar daga bakin tanda.

Inuwata ta fara fita daga ƙarƙashina. Azahar. Ruwan salka na dama magani ne in rijiyarsu ta yi nisa, ba na taɓa shi. Taimama. Tafi biyu a kan rairayi, yana ƙuna. Allahu akbar… ina karatu, bakin na tafiya, kan kuwa yana bukkar zana. An kwantar da ita a tabarma? Wa ke riƙe mata kai? Sun san ba a tilasta wuyan? Haske na damun su, masu wannan ciwon, sai a rufe ƙofa da zane. Aisata ta sani? Na yi sujada nawa? Allah ka karɓa yadda take. Ka san inda nake.

Alƙali ya ce auren na biyu ya tabbata. Ya faɗa da tausayi, yana kallon ƙasa. Ya ce yarinya kuwa tawa ce, amma tana hannun uwarta har ta girma. Dattawa suka ce in ina so in matsa, in ɗauke ta, ba mai hana ni. In kai ta ina? Ɗaki guda bayan gidan likita, gadon ƙarfe, gwangwanin isansi, man moto, mutumin da ke tashi a firgice in jaki ya yi kuka? Inna ta rasu ina can. Ba mace a gidan, ba wuta a murhu. Na ce a bar ta. Nagoggo ya raka ni har bakin gari, ya miƙo mini goran fura. Ko ƙiyayya ma bai bar mini ba, ka gani? Da mugu ne da na samu abin riƙewa.

Sabon buji. Yana aljihu, naɗe cikin ƙyalle. Guda ne ya rage, daga Maraɗi ake kawo su in kamyo ya zo, in an tuna. Ya kamata in gwada shi kafin in sa. Ka san yadda ake yi: a maƙala waya, a jingina gindinshi da jikin inji, mutum ɗaya ya riƙe yana kallo, ɗaya ya taka sandar tayarwa. In wuta shuɗiya ta yi tsalle, lafiya. Mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya taka…

Wa zai riƙe?

In jingina shi da dutse. Ba dutse a ƙasar nan. Da takalmi? Na jingina, na zagaya, na taka, na leƙo — ya zame. Na sake. Rana ta yi yawa, ko ta yi tsalle ba na gani. Na kifa hula a kai, na taka, kafin in sunkuyo an wuce wurin. Dariya ce ke zo mini, ka ji? Ƙato da gemu yana zagaya moto shi kaɗai a daji kamar mai bori. Kwandon ma in da mu biyu ne da mun kwance shi tun ɗazu, ɗaya ya tallafe, ɗaya ya zare ƙusoshi, buji ya fito fili. Komai na wannan injin don mutum biyu aka yi shi.

Bar gwaji. Sa shi haka nan. Allah na nan.

A bakin rijiya na fara ganinta. Mun je allurar agana da likita, yara sun kewaye moto, suna taɓa fitila, suna gudu in na murɗa. Wata ƴar siririya mai famfara ta tsaya baya, ba ta taɓa ba, kallo kawai. Ta ɗaga hannu ta kare rana — na ga shi. Ɗan guntun, gefen ƙaramin yatsa. Aisata ma ba ta ɗaure shi ba. Ba wanda ya nuna mini ita, ban tambayi kowa ba. Na zauna kan kwando.

«Mai moto,» ta ce, «shina cizo?»

«Ba ya cizo.»

«To mi ya sa shike gurnani?»

Na ba ta dabino, ta karɓa da hannu biyu, ta ruga. Mai moto. Duk zuwan da na yi bayan nan, mai moto. Tana tsalle in ta ji ƙarata daga nesa, in ji mutane. Ƙarar take so. Ban sani ba ko an gaya mata. Ban tambaya ba. In na tambaya aka ce an gaya mata, kuma duk da haka mai moto…?

Cire tsumma. Hura bakin ramin. Yanzu bujin tsakanin yatsu biyu, a zura ta ƙarƙashin ƙarfe, ba a gani, sai lalube. Nemo ramin. Ga shi… a'a. Ga —

Ya faɗi.

Innalillahi. Ya faɗi. Na ji ya bugi ƙarfe. In farin ya tsage… kar ka duba. Duba. Ina yake? Ƙarƙashin kwando, ya nutse cikin rairayi, gindin kawai ke waje. Na miƙa hannu. Na ɗauko. Na juya shi a rana, na juya. Ba tsaga. Ban ga tsaga ba. Rairayi cikin haƙoran, cikin bakin. Na hura, na goge da bakin riga, na sa harshe na lashe sauran, ɗacin ƙarfe. Tazarar bakin fa? Farce ya shiga daidai. Bai matse ba.

Zauna. Numfasa. Hannun da ke rawa ba ya sa buji.

Kai ma hannunka ya yi rawa daga ƙarshe. A sansanin da aka tsare mu, shinkafa da ruwa, ruwa da shinkafa, zazzaɓi ya cinye ka har na iya ɗaukarka da hannu ɗaya. Ba ka yi wasiyya ba. Na jira ka ce in kula da wance, in gaida wane. Sai ka ce, «Cindo, yanzu a Dakoro an fara kaɗa nono.» Ka yi murmushi, ka ce kana jin ƙamshin gero. Ƙasar da na sa ka jiƙaƙƙiya ce, ina haƙa ruwa na cikawa. Mutumin tudu, ɗan rairayi, kwance cikin ruwa. Ni kuma ga ni cikin rairayin da ka yi ta mafarki, ina neman yawu a bakina.

Da yatsa ake farawa, haka kake cewa. Kar ka sa kile sai ya shiga da kanshi. In ya yi gardama, koma baya, ba a yi mishi dole. To. Rufe ido, ba amfanin su nan. Bar yatsu su gani. Ƙarfe… jikin inji… rami. Zauna. Juya baya kaɗan har ya ce ƙyas. Ya ce. Yanzu gaba. Yana tafiya? Ya cije. Karkace yake. Koma. Kar ka yi fushi, in ka ci haƙoran nan Zara ba ta ganin ƙwaya yau. Koma baya. Sake.

Yana tafiya. Sumul. Yana tafiya, Abarci, kamar an shafa mai, zagaye, zagaye, fatar hannuna na barewa jikin ƙarfe, bari ta bare. Ya zauna. Bututu, ƙusa, ɗan matsi. Kaɗan. Ya isa. Waya a kai.

Tashi. Bayana ya ƙi miƙewa. Buɗe isansi. Ƙafa kan sanda. Bismillahi.

Ba komai.

Sake. Tari ɗaya, shiru.

Sake. Sake. Numfashina ne kawai ke ƙara. Ya sha mai da yawa, buɗe maƙogwaron duka, taka a banza, bar shi ya fitar. Ya Allah, ba don ni ba. Ni an riga an yi mini addu'a an raba gumba, ba na bin kowa komai a duniyar nan. Yarinya ce. Haƙoranta ma ba su gama fitowa ba. Taka!

Ya kama — ya kama! Duka kan biyu, ji yadda suke amsa wa juna. Kurciyar ta tashi. Kile cikin kwando, tsohon buji cikin aljihu, hau, kar ka bari ya yi sanyi.

Rairayi na jan ƙafar kwando, ina jan kai hagu, kafaɗa na ciwo. Gangara. Kwari. Gawo, gawo, tsohuwar gona, karan bara a tsaye. Rana ta koma bayana. Iska na busar da jinin hannu. Ina zuwa, ƴar nan, ina zuwa. A daka, a dama, a ɗura da cokali. Zan ce ma Aisata ta ɗaga mata kai a hankali. Zan ce… ni zan riƙe cokalin? Za su bar ni in shiga bukkar? A matsayin wa — mai moto, ko wanda Nagoggo ya faɗa?

Wuyan ya sandare, in ji Intalla. Ya sandare…

Yaushe?

Raƙumi ne ya kawo maganar. Da hantsi ya iso Dakoro. Ke nan jiya ya baro Mai Yara, ya bi ta wasu garuruwan, ya kwana a hanya. Jiya. Abin da ya gaya mini na jiya ne. Duk wunin nan ina kokawa da ƙarfe, ina cewa tana jira, tana jira — yarinyar jiya ce nake gani. Ta yau ban san ta ba. Ciwon nan ba ya jiran kowa, na ga wanda ya kwanta da safe aka binne da la'asar, na ga wanda ya yi mako ya tashi. Ko ma mene ne, wataƙila ya riga ya faru tun ina goge fitila.

Tudun ƙarshe. Ga rumbunan Mai Yara, ga kukar bakin rijiya. Ga su can gabas, bukkokin zana, sababbi, rawaya, a jere nesa da gari. Akwai mutane tsaye. Ba na iya gane kowa daga nan. Ba yaron da ya rugo.

Ƙarar nan ta hana ni ji. In ana kuka, daga nan za a ji shi. In ana salati…

Na kashe.

Da hannuna na kashe shi, bayan duk wannan. Injin na ƙyas-ƙyas yana hucewa. Kunnuwana na ta shuuu. Saurara. Akuya. Guga na bugun bakin rijiya. Turmi guda, can cikin gari, a hankali — hatsi ake dakawa, ko gumbar sadaka? Daga nan duk ɗaya suke.

Wani ya fito daga bukka ta ƙarshe, ya kare ido da hannu, yana duban tudun. Namiji ne. Ya ɗaga hannu. Kira yake, ko cewa yake in tsaya?

Akwatin maganin ba nauyi, Abarci. Gangara ce kawai, ko yaro ya sauka da gudu. Sauke ƙafa, Cindo. Sauke ƙafar…